Rabin Maki a Khartum

Duk wanda ya taɓa karanta labarin wasanni a rediyo ya san yadda murya ke sauka idan aka iso wurin da aka tashi kunnen doki. In wani ya lallasa wani, sai mu ɗaga murya, mu ja kalmar, mu ƙara mata gishiri. In kuwa canjaras aka yi, sai mu faɗe shi a gaggauce kamar cigiyar akuya, mu wuce. A ƙwallon ƙafa ma haka tsarin ya koya mana: mai nasara maki uku, waɗanda suka yi kunnen doki maki ɗaya ɗaya. Mutanen Umdurman sun fi kowa sanin wannan, domin ranar da Hilal da Marrikh suka tashi babu ci, gari kan kwana shiru, ba mai murna, ba mai abin tsokana.

Akwai wasan da rabon nasa ya bambanta. Shi ne darar da Turawa ke kira ces, Larabawa kuma shaɗaranji. A nan maki ɗaya tak ake ajiyewa a tsakiya. Wanda ya ci ya ɗauke shi duka, in kuwa an yi canjaras sai a raba, kowa rabi. Ina so in ba mai karatu labarin wani rabin maki da na samu a Khartum a ƙarshen shekarar 2022, da buɗin wasan da ya kai ni gare shi, da dalilin da ya sa har yau nake ganin ya fi mini wasu cikakkun makin daraja.

Ƙaro ilimin Larabci ya kai ni Sudan, ina kuma aiko wa tasharmu rahoto duk mako. Na sauka a Umdurman, gidan wani dattijo da muke kira Kawu. Kakansa ɗan'uwan kakan mahaifiyata ne, yana cikin dubban mutanenmu da suka kama hanyar Makka da ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur, suka tsaya neman guzuri a gonakin audugar Jazira, har zama ya kama su. Wasu sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, su ne suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Kawu a Sudan aka haife shi, ya koyar da lissafi har ya yi ritaya. Hausarsa tana nan, sai dai kowace jimla sai ta ɗauko kalmar Larabci ɗaya ko biyu a hanya.

Na iya ces tun ina makarantar koyon aikin jarida, amma irin iyawar ɗakin kwanan ɗalibai, wadda kowa ke fito da waziri da wuri ya shiga farauta. A hannun Kawu na san cewa wasan yana da ilimi. Shi ya fara gyara mini sunayen 'ya'yan. Wanda Turawa ke ce wa sarauniya, a Sudan waziri ne. Akwai giwa mai tafiya a karkace, da doki mai tsalle, da sojoji takwas a sahun gaba. Wadda ke zaune a kusurwa kuwa ɗabiya suke ce mata. Wata yamma ya kai ni bakin kogi ya nuna mini ragowar ganuwar laka da mutanen Khalifa Abdullahi suka gina kafin yaƙin Karari na 1898, ya ce, "Ka ga ɗabiya ta gaskiya. Aikinta ta tsaya a inda aka ajiye ta."

A dararmu ta gida, mai gidaje talatin da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, an san cewa wasa yakan ƙare tun wurin dasa. Wanda ya dasa 'ya'yansa da kyau ya riga ya ci rabin wasa. Ces ma haka take, sai dai su sun rubuta dashen nasu, sun sa masa sunaye. Tun a fadar Abbasiyawa a Bagadaza, gwanaye irin su al-Adli da as-Suli sun tsara yadda ake jera runduna kafin a gwabza, suna kiran kowane jeri ta'abiya. Akwai wanda suka sa wa suna Mujannah, wato mai fukafukai, akwai Sayyal, mai kwararowa kamar ambaliya. Yau sunayen sun koma na ƙasashe da birane: buɗin Sifen, buɗin Italiya, kariyar Faransa, kariyar Sisili.

Wanda ya shafe ni reshe ne na buɗin Sifen, wanda ake jingina wa wani limamin coci mai suna Ruy López da ya fitar da littafinsa a 1561. Ga wanda ke da allo a kusa, layukan tsaye a zuwa h ne, na kwance 1 zuwa 8. Fari ya tura sojan gaban sarki zuwa e4, baƙi ya tare shi a e5. Fari ya fito da doki f3, baƙi ya fito da nasa c6. Fari ya kai giwa b5 tana hararar dokin. A nan baƙi ya fito da ɗayan dokin zuwa f6. Wannan taku shi ne kariyar Berlin. Fari ya ɓoye sarkinsa a bayan ɗabiya, baƙi ya cinye sojan e4 da doki. Fari ya tura soja d4, dokin ya ja baya zuwa d6. Fari ya ba da giwarsa ya ɗauke dokin c6, baƙi ya rama da sojan d7. Fari ya cinye e5, dokin baƙi ya koma f5. A taku na takwas wazirin fari ya faɗa wa wazirin baƙi a d8, sarkin baƙi da kansa ya cinye shi.

Taku takwas kacal, manyan mayaƙan biyu sun bar fili. Wanda ya kalli allon a wannan lokaci zai tausaya wa baƙi. Sarkinsa ya motsa, don haka ya rasa damar ɓuya har ƙarshen wasa. Sojojinsa biyu sun hau layi ɗaya, ɗaya a bayan ɗaya, ba sa iya kare juna. Fari yana da sojoji huɗu lafiyayyu a gefen sarki, baƙi uku. A lissafi, in aka kwashe komai aka bar sarakuna da sojoji, fari ne da nasara. Abin da baƙi ya samu a madadin wannan duka shi ne giwaye biyu, da kuma gida marar kafar shiga. Tun da babu waziri, babu mai farautar sarkin da ke tsakiya.

Shekaru da yawa manyan 'yan wasa suna kallon wannan kariya a matsayin tsohon yayi. Sai a shekarar 2000, a Landan, Vladimir Kramnik ya kakkaɓe ta ya fito da ita gaban Garry Kasparov, wanda ke riƙe da kambun duniya tun 1985, kuma ba a taɓa ganin mai kai hari kamarsa ba. Sau huɗu Kasparov ya tarar da ita, sau huɗu aka tashi canjaras. A wasanni 15 da suka buga, Kramnik ya ci biyu, aka yi kunnen doki 13, Kasparov bai ci ko ɗaya ba, kambu ya suɓuce masa. Daga nan laƙabin katangar Berlin ya bi ta, ana tuna wadda ta raba birnin gida biyu har 1989.

Kawu ya shafe wata uku yana gina mini wannan katanga bulo-bulo, a tsakar gida bayan sallar isha, da butar jabana a gefe. Na ce masa, "Kawu, wannan ai wasan matsorata ne, mutum ya shiga fili yana neman canjaras." Ya ce, "Ya waladi, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Matsoraci shi ne wanda ya miƙa hannu a taku na goma sha biyu don ya tafi shan shayi. Wannan kuwa za ka zauna awa huɗu ana dukan ƙofarka."

Bambancin da ya faɗa ɗin nan ya daɗe yana damun masu wasan. Hanyoyin canjaras a dokar ces sanannu ne. Sarki ya rasa inda zai taka alhali ba a yi masa kish ba, kuma babu wani ɗa nasa da zai iya motsi. Ko tsayuwa ɗaya ta maimaitu sau uku. Ko a yi taku hamsin-hamsin ba a ci kowa ba, ba a motsa soja ba. Ko mayaƙan da suka rage ba su isa kashe sarki ba. Ta biyar ita ce yarjejeniya, mutum biyu su ce mun yarda. Wannan ta biyar ita ce ƙofar ɓarna, domin manyan gwanaye sukan yi 'yan taku kaɗan su gaisa su tashi, 'yan kallo su bi su da ido. Abin ya kai a gasar birnin Sofiya ta 2005 aka hana 'yan wasa yi wa juna tayin canjaras kai tsaye. Amma a 2018, a Landan, Magnus Carlsen da Fabiano Caruana sun yi canjaras 12 a jere a neman kambun duniya, kuma na farkon cikinsu sai da ya kai taku 115. Sakamako iri ɗaya ne a takarda, gumin da ke bayansa ne ya bambanta.

Gasar da na shiga ƙarama ce, a wani kulob a Khartum, zagaye bakwai, kowace yamma wasa ɗaya. Tsarin Suwis ake bi, wato ba a fitar da kowa, sai dai kullum a haɗa ka da wanda makinku ya yi kusa. Kowa yana da minti 90, da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane taku. Mu 'yan Umdurman muna da ƙarin abokin karawa, wato gada. Tun bayan juyin mulkin Oktoban 2021, ranar da aka kira zanga-zanga akan toshe gadojin da kwantenoni, kuma agogon gasa ba ya jiran kowa. Don haka tun azahar nake hawa hafila in tsallaka Farin Nilu, in zauna wurin mai shayi a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya har lokaci ya yi.

A kan ɗaya daga kujerun mai shayin nan maganar ta same ni, ranar zagayen ƙarshe. Ina da maki huɗu, ko na ci ko na faɗi babu kyautar da za ta iso gare ni. An haɗa ni da wani ɗalibin injiniya da bai wuce shekara ashirin ba, mai maki biyar, wanda ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani magidanci, akawu, shi ma maki biyar, zai buga a teburin da ke kusa da namu. Wani abokin yaron ya jawo kujera, ya biya mini kuɗin shayi kafin in ankara, ya yi ta gaisuwa irin ta mutanen Sudan wadda ba ta ƙarewa. Sannan ya ce, "Ya Ustaz, kai baƙonmu ne, kuma babba ne. Yaron nan kuɗin kyautar zai biya kuɗin makaranta da su. Kai ba abin da za ka rasa."

Bai ce in sayar da wasa ba. Ba a faɗar irin wannan da baki. Abin da ya nema shi ne abin da su ke kira mujamala, mu kuma muke kira kara. Kuma duk Bahaushe ya san nauyin kara. Da ita muke zaman gida ɗaya, da ita ake barin ƙaramin yaro ya ci a langa, da ita mai ciniki ke sallamawa ba don farashi ya yi masa ba. Wanda ba shi da kara a wurinmu ba a ƙirga shi cikin mutanen kirki. Na kuma yarda cewa maganar kuɗin makarantar gaskiya ce, domin a wancan lokacin kowa ya san yadda fam ɗin Sudan ke narkewa a aljihu.

Abin da ya tsaya mini shi ne akawun nan. Yana zaune can gefe yana cin gyaɗa, bai san ana maganarsa ba. Shi ma kwana shida yana tsallako gada, shi ma da iyali. In na saki wasa, ba daga aljihuna kyautar za ta fita ba, daga nasa ne. Kara da kayan wani kuwa sunanta daban. Sannan akwai shi kansa yaron, wanda ban tabbata ya san an zo ba. In na kwanta masa, zai tafi da maki ɗaya da kuma labarin ƙarya game da ƙarfinsa, ya kai shi gaban wanda ba zai kwanta ba. Na gode wa mutumin da shayi, na ce Allah ya ba mai rabo sa'a.

Ni ke da baƙi. Ya buɗe da e4, muka bi hanyar da na zayyana a sama, cikin minti biyar wazirai sun fita. Na ga ya ɗan ja tsaki a ciki, domin shi ɗan hari ne, an kuma ɗauke masa takobi. Na mai da sarkina e8, na tura sojan gefe zuwa h5 don kada a kori dokina daga f5, na ajiye giwa a e6. Ya aiko doki g5 yana neman giwar nan. A nan ne darasin Kawu ya yi aiki. Na ba da ɗaya giwar, mai tafiya a baƙaƙen gidaje, na ɗauke dokin. Ya rage kowa yana da giwa ɗaya, tasa a baƙaƙen gidaje, tawa a farare. Giwaye irin waɗannan har abada ba sa haɗuwa, kamar mutum biyu ne a gida ɗaya, ɗaya na aikin dare ɗaya na rana.

Awa uku da suka biyo baya ba su da abin ba da labari a rediyo. Ya ɗora ɗabiyoyinsa a layin d, na tare. Ya matsa ta gefen sarki, na jira. Wuta ta ɗauke sau ɗaya, alƙalin wasa ya tsayar da agogo har aka tada janareta. Wajen taku na talatin da biyar na yi abin da na daɗe ina shiryawa: na bar masa sojan c7, ɗaya daga tagwayen nan marasa amfani, a kan sharaɗin a yi musayar dawaki da ɗabiyoyin da suka rage. Ya karɓa, ya zama yana gabana da soja guda. Mutane suka taru a bayansa. Ni kuwa na jera sauran sojojina shida a kan fararen gidaje, na dasa sarkina a e6, daidai gaban sojansa na e5. Giwarsa tana yawo a allo kamar mai gadin kasuwar da aka tashi, babu abin da za ta taɓa.

Al'adar wasan ita ce wanda ke kare kansa ba ya tayin canjaras, mai matsawa ne ke da wannan haƙƙi, don shi ya san lokacin da dabararsa ta ƙare. Don haka na yi shiru. Ana cikin haka akawun ya ci wasansa, ya kai maki shida. Yaron ya ji motsin kujeru, ya gane. Ya ƙara taku ashirin yana zagayawa da sarkinsa, ya gwada dama, ya gwada hagu. A taku na 64 ya motsa giwa, ya ce "Ta'adul?" a hankali, sannan ya danna agogo, kamar yadda doka ta tsara. Na miƙa masa hannu. Muka rubuta rabi da rabi a takardunmu, kowa ya sa hannu a ta ɗan'uwansa.

Ya zo na biyu. Bai tsaya mun sake duba wasan tare ba kamar yadda aka saba, abokinsa kuma ya wuce ni bai yi sallama ba. Na koma Umdurman a rakasha cikin sanyin Disamba, ba na jin na yi nasara, ba na kuma jin na yi laifi. Kawu ya sa na jera masa wasan tun daga farko. Da muka kai wurin da na ba da sojan c7, ya cire tabarau ya ce, "Tamam." Daga shi ban taɓa samun yabon da ya fi wannan tsawo ba.

Na so in yi rahoton makon a kan wannan gasa. Editan da ke karɓar aikina ya tambaya, "Wa ya ci a naka wasan?" Na ce babu. Ya ce, "To ina labarin?" Ban ga laifinsa ba, haka sana'ar ta tarbiyyantar da mu duka. Amma ina ganin muna tauye masu sauraro. Mafi yawan abin da mutanenmu ke yi kullum irin wannan wasa ne. Manomin da damina ta yi masa gardama amma ya fitar da irin baɗi, da uwar da ta riƙe yara a makaranta har ƙarshen zango ba a koro su ba, ba su ci kowa ba, sun dai hana a ci su, kuma da dabara suka yi, ba da sa'a ba. Ba mu da muryar karanta irin wannan labari, ya kamata mu koya.

Bayan kamar wata guda saƙo ya shigo mini ta WhatsApp daga lambar da ban sani ba. Hoton allo ne, tsayuwar wasanmu a taku na talatin da huɗu, da tambaya ɗaya: in da bai karɓi sojan ba fa? Muka yi mako biyu muna aika wa juna taku. Ya gano wata hanya da ta fi wadda ya bi wahalar tarewa, na kai wa Kawu, shi ma ya kwana biyu a kanta. Ba mu taɓa maganar kyauta ba, ba mu taɓa maganar abokinsa ba.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023 aka wayi gari da harbe-harbe tsakanin sojoji da dakarun RSF. Cikin makonni kaɗan na bi ayarin motocin da suka kwashe 'yan Najeriya zuwa iyakar Masar. Kawu ya koma wurin 'yarsa a Gadarif, ya bar littattafansa da allon katakon da ya koya mini a kansa. Lambar yaron ta daina shiga tun watan Mayu na wannan shekara. Nakan gwada ta lokaci-lokaci.

A dokar ces akwai abin da ake kira matacciyar tsayuwa. In ta tabbata babu ɓangaren da zai iya kashe sarkin ɗaya ko da me ya yi, wasa ya ƙare nan take, ko 'yan wasan sun so ko ba su so ba. Nakan tuna wannan doka idan ina karanta labarin Sudan a sutudiyo, sai dai na san iyakar misalin, domin sojan katako in an ci shi akwati yake komawa, gobe a sake jera shi.

Yanzu ina koya wa wasu yara shida a unguwarmu ranar Asabar. Kamar kowane sabon ɗan wasa, waziri suke so, su fito da shi su yi ɓarna. Ina barinsu, domin ta nan ake fara son wasan. Sharuɗɗa biyu kawai na kafa musu. Kowa ya rubuta takunsa a takarda, kuma babu mai miƙa hannu don ya gaji, ko don yana jin nauyin wanda ke gabansa. Wanda ya fi su rigima ya tambaye ni ranar nan yaushe zan koya musu katangar. Na ce sai ranar da ya iya zama awa ɗaya bai tashi shan ruwa ba. Ya kai minti arba'in.